Wane kati zan riƙe zuwa ƙasar waje, na gida ko na dala?

Maman Amira: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masu yawan tafiya ku ba ni shawara. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zan je Jamus wajen ƙanwata, sati 3 zan yi, a hanyar dawowa kuma zan tsaya Istanbul kwana 4 in ɗan yi sayayya. Wannan ce fitata ta farko ni kaɗai, duk tafiyar da muka yi a baya maigida ne ke riƙe da kuɗi ni dai nawa bin baya. Ina da katin banki na debit na kuɗin gida mai tambarin Visa, jiya na je banki yarinyar da ke kan tebur ta ce in buɗe asusun dala su ba ni Mastercard wai shi ya fi. Na ce mata nawa za a yanka min in na cire kuɗi a can, sai ta ce "ba yawa Hajiya". Toh ba yawa ɗin nan ne ban gane ba. Wanne zan riƙe, kuma ATM zan dinga zuwa ko in dinga biya da katin kai tsaye?

Alhaji Mai Tafiya: Wa alaikumus salam. Hajiya ni shawarata ɗaya ce, ki je wajen 'yan canji ki sayi yuro ɗinki da 'yar dala ki adana a jikinki. Na fi shekara 20 ina fita, kuɗi a hannu bai taɓa ce min babu netwok ba. Kati kuwa ranar da zai kunyata ki sai kin gama cika kwando a kanti, mutane sun yi layi a bayanki, sannan na'ura ta yi ja.

Autan Gida: Haba Alhaji a wannan zamanin? A Landan bas ma ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014, ka shiga da ƙullin fam ɗinka direba ya sauke ka. Anti ki manta da bankunan nan ki buɗe Wise ko Revolut kawai, manhajojin ajiya da canjin kuɗi ne a waya masu ba da kati, canjinsu ya fi na kowa.

Alhaji Mai Tafiya: Yaro, Landan ta ce za ta je ko Jamus?

Ɗan Banki: Hajiya barka da shiri. Na yi shekaru a sashen kati, bari in warware miki "ba yawa" ɗin nan, don cajin hawa-hawa ne kuma kowane hawa mai shi daban. Da farko akwai canjin da Visa ko Mastercard ke yi, su ɗauki yuro ko lira su mayar da shi kuɗin da ke asusunki. Farashinsu yana kusa da na kasuwar duniya kuma ba a ɓoye yake ba, dukkansu biyun suna da shafi a intanet da za ki sa adadi da rana ya nuna miki, bambancin da ke tsakaninsu ma bai kai a tsaya musu a kai ba. Sai bankinki ya ɗora nasa a sama, galibi kashi 1 zuwa 3 cikin 100, wasu kuma ba sa kiransa caji sam, farashin canji na kansu suke amfani da shi wanda ya fi na Visa tsada, a takarda ki ga babu caji alhali an riga an yanke ki tun a cikin farashin. In kuma ATM kika je, bankinki na da kuɗin cirewa a ƙasar waje, shi ma mai na'urar yana iya ɗora nasa daban.

Don haka tambarin da ke jikin katin ba ya gaya miki komai, bankin da ya ba ki shi ne abin tuhuma. Ki koma ki ce su ba ki jadawalin cajinsu a rubuce. Ki tambaya ko an buɗe wa katin gidan naki yin aiki a waje ma tukuna, don akwai bankunan da ke rufe shi gaba ɗaya ko su sa masa iyaka ƙarama a wata, kuma iyakar saye daban ta cirewa daban. Kar ki yarda da amsar baki.

Maman Amira: Na gode sosai Malam. Kenan na dalar ya fi?

Ɗan Banki: Ya fi ta fuska ɗaya, kin riga kin sayi dalarki a farashin da kika sani, in kuɗin gida ya faɗi kina can babu ruwanki. Amma fa Jamus yuro ake ci, Turkiyya lira, duk inda kika biya sai an sake canja dalar. In bankin na da asusun yuro da kati a kansa, to shi ne daidai da sati 3 ɗinki na Jamus, yuro ki zuba yuro ki kashe babu mai canja komai. In babu, na dalar ma ya yi.

Ummi a Jamus: Anti sannu da ƙoƙari, ni a nan nake karatu shekara 3 kenan. Alhaji da Auta kowa na da gaskiyarsa. Manyan kantuna da tashar jirgin ƙasa da kantin magani duk suna karɓar Visa da Mastercard, ɗora katin kawai za ki yi a jikin na'urar ya yi ƙara shi kenan. Amma Jamusawa har yanzu suna son tsabar kuɗi fiye da yadda mutum zai zata, ƙananan shaguna da kasuwar ƙarshen mako za ki ga an manna takarda a ƙofa wai kuɗi kawai, wasu kuma sai katinsu na gida da ake ce wa girocard, naki na waje ba zai shiga ba. Ko banɗakin tasha sai da 'yan sulalla wani lokaci. Ki zo da yuro kaɗan a hannu, ƙananan takardu irin 10 da 20 da 50, don 200 ɗin nan in kin miƙa a ƙaramin shago kallon da za a yi miki sai kin ji kamar sata kika yi. 500 kuwa an daina fitar da ita tun 2019, tana nan da darajarta amma kar ɗan canji ya liƙa miki ita.

Alhaji Mai Tafiya: Kun ji ko. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ummi a Jamus: Baba ban ce ta kwaso duka ba fa, kaɗan na ce. Kuma wanda ya shigo Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye a hannu dole ya bayyana wa kwastan, in bai yi ba aka gani tara ce har da riƙe kuɗin.

Alhaji Mai Tafiya: Wannan na sani 'yata, Amurka ma dala 10,000 ne. Cike takarda ne kawai, ba haraji ba ne.

Autan Gida: Ni dai har yanzu Wise nake cewa. Farashin tsakiyar kasuwa suke ba ka, wato wanda ke tsakanin na saye da na sayarwa, cajinsu a fili kafin ka danna.

Ɗan Banki: Auta ba ƙarya ka yi ba amma katin nasu ba kowa ake ba ba, ya danganta da ƙasar da kake zaune, kuma sai ka kawo shaidar adireshi. Mutum na iya buɗe asusun ya tarar babu katin a ƙasarsa. Revolut ma haka, akwai jerin ƙasashen da suke aiki. Kuma su ma cirewa kyauta a ATM tana da iyaka a wata, ka wuce su fara yanka. Masu sa adireshin wani ɗan'uwa a waje su buɗe kuwa, ranar da aka ce kawo shaida aka daskarar da asusun da kuɗi a ciki kana tsakiyar tafiya, ba ofishin da za ka je ka yi masifa.

Autan Gida: Toh ni yayana ne ya buɗe min da adireshinsa kuma lafiya lau

Ɗan Banki: Allah ya sa ya ɗore a haka.

Malam Lissafi: Duk kun bar babban ramin a baya. Hajiya, abin da ya fi cinye wa matafiya kuɗi ba cajin banki ba ne, tambaya ɗaya ce da na'ura ke yi cikin ladabi. Kin sa kati, kin danna yuro 200, sai allon ya nuno miki cewa ya gane katinki na dala ne, ga adadin a dala, ga farashi tabbatacce, kin amince? Mutum ya ga kuɗin da ya saba da shi sai hankalinsa ya kwanta ya danna eh. To da kin danna, kin ƙwace aikin canjin daga hannun Visa ko Mastercard kin miƙa wa mai na'urar, shi kuma farashin da ya ga dama yake sawa. DCC ake kiransa. Kullum ki zaɓi kuɗin ƙasar da kike tsaye a cikinta, a Jamus yuro, a Istanbul lira. A ATM maɓallin da ke cewa "without conversion" ko "decline conversion" shi ne naki, yawanci shi ne ƙarami mara launi a gefen hagu, ɗayan kuma kore shar yana kiranki.

Bari in kwatanta da inda lissafin ke da sauƙi. Dirhamin Dubai a ɗaure yake da dala, 3.6725 duk dala ɗaya, tun 1997 bai motsa ba. Kenan kayan dirhami 1,000 dala 272 ne da 'yan santi. A ce mai kanti ya juyo miki da na'urar POS ta nuna dala 290, to kin ga dala 18 ta tafi a banza, kashi 6 da rabi kenan, a ciniki ɗaya. Riyal ɗin Saudiyya ma haka, 3.75 ne tun 1986, riyal 750 dala 200 cif, duk na'urar da ta nuna miki abin da ya yi nisa da haka kin san da walakin. A Tarayyar Turai doka ta tilasta musu tun 2020 su nuna kashi nawa suka ɗora a kan farashin Babban Bankin Turai, yana nan a allon da ƙananan haruffa, amma wa ke tsayawa karatu ga sanyi ga mutum a bayanka yana tari.

Maman Amira: Innalillahi. Ni da na gani wlh eh zan danna, in ce ai sun kyauta sun sauƙaƙa min.

Baban Sadiq: Ni ma na sha dannawa kafin in waye. Abin haushin ma a kanti wani lokaci ba a tambayarka, mai karɓar kuɗin ne zai zaɓa maka ya miƙo ka sa lamba. Ki dinga duba allon kafin ki sa PIN, in kin ga dala ki ce ya soke ya sake da kuɗin ƙasar, hakkinki ne.

Amma ni abin da ya taɓa ƙona ni otal ne. Na isa da dare a gajiye, na riga na biya kuɗin ɗaki tun a gida, yaron da ke kanta ya ce in kawo kati "na ajiya kawai, ba za mu cire komai ba". Na miƙa katin debit ɗina wanda duk guzirina ke ciki. Da safe na je sayen kaya kati ya ƙi, na buɗe manhajar banki na ga an riƙe kusan rabin kuɗin, ba a cire ba ba a kuma bar min ba, yana nan a rataye ina kallonsa. Na bar otal ɗin bayan kwana 3 suka ce sun sake shi, bankina ya ce bai ga saki ba, haka aka yi ta min wasan 'yar ɓuya sai da na dawo gida da sati 2 kuɗin ya faɗo. Cinikin da na je yi rabinsa na yi.

Ɗan Banki: Wannan riƙon ka'ida ne a otal da kamfanonin hayar mota da gidan mai irin wanda kake sa kati a jikin famfo. A katin kiredit ba ya ciwo don kuɗin banki ne aka riƙe, a debit kuwa naka ne na gaske, kuma yana iya kaiwa kwana 30 kafin ya sauka da kansa in otal ɗin ba su aika sakin yadda ya kamata ba. Hajiya a otal ɗin Istanbul ki tambaya nawa za su riƙe kafin ki miƙa, wasu suna yarda ki ajiye tsabar kuɗi su ba ki rasit ki karɓa ranar fita. In dole sai kati, ki ba su wanda ba shi ne na sayayyarki ba.

Almajirin Malam: Tunda an ambaci katin kiredit dan Allah a yi hattara, bashi ne mai ruwa. Ban zo yin fatawa ba, kowa ya tambayi malaminsa, amma a san abin da ake shiga.

Autan Gida: Ai in ka biya duka kafin ƙarshen wata babu ruwa ko sisi Malam

Malam Lissafi: A sayayya haka ne, akwai kwanakin alfarma. Amma in ka sa katin kiredit a ATM ka zaro tsabar kuɗi yawancin bankuna tun daga ranar suke fara lissafin ruwa, babu alfarma, ga kuɗin cirewa a kai, kuma ruwan ya fi na sayayya yawa. Don haka ko wanda ya ɗauki fatawar da ta sauƙaƙa, ATM da katin kiredit ba sa haɗuwa.

Almajirin Malam: Kuma malamai da yawa sharaɗin ruwan da ke cikin yarjejeniyar suke dubawa, ko ka biya a kan lokaci ka riga ka sa hannu a kansa. Akwai bankunan Musulunci masu katin da aka gina a kan kuɗin hidima tsayayye, wanda ya samu ya duba.

Admin: Jama'a mas'alar riba a buɗe mata zare daban, Hajiya debit ta ce tana da shi. A koma kan hanya.

Hajiya Babba: Ƙanwata ni ba ilimin banki gare ni ba amma na sha wuya na koya. Kati 2 za ki riƙe, kuma na banki daban-daban, ba 2 daga banki ɗaya ba, don ranar da na'urarsu ta kwanta duka biyun za su kwanta tare. In da hali ɗaya Visa ɗaya Mastercard. Kar ki sa su a jaka ɗaya. Ni nawa ɗaya na cikin jakar hannu ɗaya na cikin aljihun da na sa tela ya ɗinka min a cikin doguwar riga. Na taɓa sa kati a ATM ɗin bakin titi da daddare na kuskure lamba, hannuna na rawa don sanyi na sake kuskurewa, na ukun na'ura ta haɗiye shi ta rubuta min wani abu da yaren da ban iya ba. Washegari na je bankin da ke da na'urar suka ce katin waje ba sa mayarwa, lalata shi ake yi, in nemi bankina. Da ba ni da na biyun sai dai bara. Tun daga ranar ATM ɗin da ke cikin banki ko jikin bangonsa kawai nake zuwa, da rana, lokacin aiki.

Maman Amira: Yaya Allah ya saka da alheri. PIN ɗina ma lamba 4 ne amma na daɗe ban yi amfani da shi ba duk ta waya nake tura kuɗi, bari in je in gwada shi tun yanzu.

Ɗan Banki: Yauwa ki gwada, sabon katin ma in sun ba ki ki yi saye ɗaya da PIN kafin ki tashi, wasu katunan ɗorawar nan ba ta fara aiki sai an taɓa sa su a na'ura sau ɗaya. Lamba 4 ɗin ma ta fi, akwai na'urorin da ba sa karɓar 6. Ki duba ranar ƙarewar katin kuma.

Sai maganar layin waya, wannan ita ce ke kayar da mutane da yawa. Duk sayen da za ki yi ta intanet, tikitin jirgin ƙasa ko ɗakin otal, banki zai turo lambar sirri ta saƙo zuwa layinki na gida. Mutum ya sauka ya cire layinsa ya jefa a jaka ya sa na can, sai ya zauna yana jiran saƙon da ba zai zo ba. Ki sa a buɗe miki romin kafin ki tafi, ki bar layin a cikin wayar, ki kashe masa data kawai don kar ya cinye ki. In bankin na tura lambar ta imel ko ta cikin manhaja ki kunna wannan ma. Kuma ki sanar da su ranakun tafiyarki da ƙasashen, in ba haka ba na'urarsu ta ga katin da bai taɓa fita ba yana saye a Istanbul sai ta ɗauka ɓarawo ne ta kulle.

Malam Lissafi: Ƙarin lissafi ɗaya a kan ATM. In cajin tsayayye ne, a ce yuro 5 duk cirewa, wanda ya cire 50 ya biya kashi 10 cikin 100, wanda ya cire 300 bai kai kashi 2 ba. Don haka cirewa kaɗan-kaɗan kullum asara ce, gara sau 1 ko 2 mai kauri. Amma in mai na'urar kaso yake ɗauka ba tsayayye ba, kamar yadda ATM da yawa ke yi wa katin waje a Turkiyya, to yawan ba ya rage komai, sai dai ki soke ki gwada na wani bankin, galibi a jere suke wuri ɗaya. Dole ya nuna miki cajin kafin ya ba da kuɗin, sokewa kuma kyauta ce. Na'urorin da ke tsaye su kaɗai a filin jirgi da wuraren 'yan yawon buɗe ido, waɗanda ba na wani banki ba, su suka fi tsada.

Alhaji Mai Tafiya: Duk wannan karatun don a cire kuɗin da naka ne. Ni in na ƙirga na ba ɗan canji ya ƙirga ya ba ni an gama.

Malam Lissafi: Alhaji shi ma ɗan canjin ba don Allah yake yi ba ai, ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa a allonsa ita ce cajinsa, a filin jirgi kuwa ratar sai ka wuce da mota ta ciki. Kuma kuɗi in ya faɗi ya faɗi, kati in ya faɗi ka kulle shi a waya cikin minti ɗaya.

Alhaji Mai Tafiya: Wa ya ce maka a filin jirgi nake canji? A cikin gari nake yi, kuma a Istanbul in kana ciniki da tsabar dala a hannu ragin da mai kaya zai yi maka kati ba zai samo maka shi ba, don shi ma banki na yankarsa a kowane saye. Wannan ba a littafi na karanta ba. Hajiya in za ki riƙe dala ki ce a ba ki sabuwar 100 mai shuɗin zare, wadda ta fito 2013, tsohuwar wasu 'yan canjin ƙi suke yi ko su karya mata farashi. Kar ta zama mai yagewa ko rubutun biro.

Malam Lissafi: Wannan kam na sallama maka.

Baban Sadiq: Don masu karantawa da za su je wasu wuraren, ku sani ba ko'ina katin ke aiki ba ko da kuɗi fal a ciki. Rasha tun Maris 2022 Visa da Mastercard na waje ba sa aiki, Iran ma haka tun da daɗewa, can maganar Alhaji ce kawai. Sin kuma ATM na manyan bankuna na karɓa amma ciniki duk ya koma waya, sai ka ɗaura katinka a Alipay ko WeChat, yanzu suna karɓar katin waje, ka yi setin tun kana gida.

Ɗan Banki: Haka ne. Mai zuwa ƙasashen sefa kuma katin yuro ya fi masa, don sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 duk yuro ɗaya.

Maman Amira: Toh na tattara. Gobe zan koma bankin da takarda da biro, yarinyar nan za ta gane ba yawa.

Maman Amira: Salam jama'a, na dawo jiya lafiya, na ce sai na kawo muku rahoto tunda kun yi min ƙoƙari. Asusun yuro akwai amma babu kati a kansa, don haka na dalar na karɓa, na gida kuma ashe a rufe yake sai da na cike takarda suka buɗe shi da 'yar iyaka, shi na sa a aljihun ciki irin na Yaya Hajiya Babba. Na tafi da yuro kaɗan a hannu da dala sabbi. A Jamus sau 2 kawai na je ATM, kuma wlh tambayar Malam Lissafi ta fito kamar yadda ya faɗa, kore a dama yana ƙyalli, na ƙi shi sai ya sake tambayata wai na tabbata, farashi na iya canjawa fa, na ce na tabbata. Ƙanwata na gefe tana dariya wai wa ya koya min.

Inda aka ci ni Istanbul ne. Ranar ƙarshe a shagon mayafai, na gaji ga kaya niƙi-niƙi ga mai tasi na jira, yaron ya miƙo na'ura na sa lamba ban duba ba, sai a cikin mota na ga rasit ɗin da dala aka rubuta har da wani layi a ƙasa wai an ba ni zaɓi na amince. Ban amince da komai ba ni dai. Na lissafa da shafin Mastercard ɗin, abin da ya hau kai ya isa mayafi ɗaya mai kyau. Otal kuma sun riƙe kuɗin ajiya a katin gidan, har yanzu yana rataye.

Ɗan Banki: Barka da dawowa Hajiya. Rasit ɗin mayafan kar ki yar, ki ɗauki hotonsa yau don rubutun irin takardar nan gogewa yake yi. Ki rubuta wa bankinki ƙorafi cewa an canja miki kuɗi ba tare da an ba ki zaɓi ba, ka'idar kamfanonin katin ta ce dole a bar mai kati ya zaɓa da kansa. Ba na ce lallai za a dawo da shi ba tunda kin sa PIN, amma ana shigar da irinsa, kuma kar ki bari ya kwana biyu don ƙorafin kati na da wa'adi. Na otal ɗin ki tura musu imel su aiko miki da shaidar sun saki, ki kai wa banki, ya fi saurin sauka.

Alhaji Mai Tafiya: Da kin biya mayafan da dalar hannunki da har ragi za ki samu.

Maman Amira: Alhaji dalar hannun ai tun kwana na 2 ta ƙare a shagon takalma.

Hajiya Babba: Hhhh ƙanwata kenan. Turo min hoton mayafan ta akwatin sirri in gani.